Inda Kuskure Ke Ɓuya a Ƙaramin Asibitin Likitan Iyali

Idan aka tambayi mutum abin da ya sa ya shekara goma yana zuwa wurin likita ɗaya bai canza ba, amsarsa ba ta wuce cewa likitan yana da fara'a, yana sauraro, kuma ya san ciwon kowa a gidan. Waɗannan dalilai ne masu nauyi, domin majinyacin da ya saki jiki da likitansa ya fi faɗin gaskiyar abin da ke damunsa, kuma ya fi bin shawarar da aka ba shi. Sai dai akwai wani sashe na aikin da ba a hango shi daga kujerar majinyaci: wanda ya karanta sakamakon gwajin jinin da ya dawo bayan kwana uku, da wanda ya leƙa ma'aunin sanyin firij ɗin allurar rigakafi da safe, da wanda ya lura cewa takardar da aka aika wa ƙwararren likita wata biyu da suka wuce har yau babu amsarta. A ganina, a wannan sashen ne ake gane ƙaramin asibiti mai nagarta, kuma a nan ne likita mai ilimi da kyakkyawar niyya kan cutar da mutum ba tare da ya sani ba.

Kalmomi biyu ake yawan haɗawa a wannan magana, wato inganci da kariya, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Inganci shi ne majinyaci ya samu kulawar da ilimin likitanci ya tabbatar tana da amfani, a kan kari, cikin mutunci. Kariya kuwa ita ce kada kulawar kanta ta zama sanadin wata cutar. Mai hawan jinin da aka bari shekara guda ba a auna shi ba an gaza masa wajen inganci, wanda kuma aka rubuta wa maganin da ya lalata masa ƙoda an gaza masa wajen kariya. A shekarar 1966 wani likita mai suna Avedis Donabedian, malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya kawo hanyar auna aikin lafiya da har yau ake amfani da ita. Ya ce a dubi abin da wurin ya mallaka, kamar gini da ma'aikata da kayan aiki, sannan a dubi yadda ake gudanar da aikin, sannan a dubi abin da ya samu majinyaci daga ƙarshe. Na farkon kowa yana ganinsa da ido, na ƙarshen yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, don haka a ƙaramin asibiti na tsakiyar, wato yadda ake aikin yau da gobe, shi ya fi cancanta a zuba masa ido.

An daɗe ana ɗauka cewa haɗari na manyan asibitoci ne, inda ake tiyata ana kwantar da mutane. Rahoton da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 1999, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kuskuren aiki, shi ya farkar da duniya, amma a kan waɗanda aka ba gado ya yi magana. Alhali mafi yawan haɗuwar mutum da likita a ƙananan wurare ake yin ta, kuma tun taron ƙasashen duniya kan lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashe suka amince cewa kula da lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin majinyata goma da ake dubawa a wannan matakin da kuma sashen sha-ka-tafi, ana iya samun har huɗu da suka cutu, kuma har kashi 80 cikin 100 na wannan cutuwar abu ne da za a iya kauce masa. Kuskuren ɗakin tiyata sau da yawa a ranar ake ganinsa. Na ƙaramin asibiti yakan yi watanni yana girma a gidan majinyaci, ta yadda idan ya fito fili ba lallai ne a danganta shi da inda ya faro ba.

Adalci ne a fara faɗin ƙarfin ƙaramin wuri kafin rauninsa. Likitan da ya daɗe da sanin mutum ya san cewa wannan dattijon ba ya kawo kuka sai abin ya kai masa iyakar wuya, saboda haka ranar da ya ce "ɗan ciwon ƙirji ne" likitan ba zai ɗauki maganar da wasa ba. Ya san wadda ba ta shan magani yadda aka ce, ya san gidan da ciwon suga ke bin jininsu. Wannan sanayya tana da tasirin da aka auna. A 2018 wasu masu bincike a Ingila sun tattara nazarce-nazarce 22 daga ƙasashe daban-daban, suka ga cewa a 18 daga ciki, mutanen da ke dawwama da likita ɗaya sun fi ƙarancin mutuwa. Wani nazarin da aka yi a ƙasar Norway a kan mutum kusan miliyan 4.5 ya nuna cewa waɗanda suka haura shekara 15 da likitansu, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta su da waɗanda suka yi shekara ɗaya kacal da nasu.

Raunin kuwa daga wannan ƙanƙantar yake fitowa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Manchesta, James Reason, ya kwatanta kariya daga kuskure da shingaye a jere, kowanne da kafarsa. Ɓarna tana isa ga mutum ne idan kafofin suka daidaita, kuskure ya ratsa su duka. A babban asibiti likita ya rubuta magani, mai harhaɗa magunguna ya duba, nas ta sake dubawa kafin ta bayar, wani likitan kuma ya gani a zagayen safe. A ƙaramin asibiti shingen yakan zama ɗaya ko biyu, kuma wani lokacin mutum ɗaya ne mai rubutawa, mai dubawa, kuma mai gidan da sauran ma'aikata ke jin nauyin yi wa gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, komai ƙarfinsa.

Misali mafi muni na abin da kaɗaicin likita ke iya ɓoyewa shi ne na Harold Shipman, likitan iyali a garin Hyde kusa da Manchesta, wanda yake aiki shi kaɗai kuma majinyatansa suke matuƙar ƙaunarsa. A watan Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe majinyatansa 15, binciken da ya biyo baya ƙarƙashin Mai Shari'a Janet Smith kuma ya gano cewa waɗanda ya kashe sun kai aƙalla 215, yawancinsu tsofaffin mata, ta hanyar yi musu allurar maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi fiye da kima. Irin wannan mugun nufi abu ne da da wuya a sake ganinsa, kuma zalunci ne a riƙa kallon kowane likita mai zaman kansa da idon zargi. Abin lura shi ne ya yi shekaru babu wanda yake kwatanta yawan mace-macen majinyatansa da na takwarorinsa, kuma babu mai bin diddigin magungunan da yake tarawa. Tsarin da ya kasa gano mai kisa da gangan ba zai gano mai kuskure bisa rashin sani ba. Bayan wannan ne Birtaniya ta tsaurara dokokin ajiyar irin waɗannan magunguna, kuma daga 2012 ta wajabta wa kowane likita ya riƙa sabunta shaidar cancantarsa duk shekara biyar.

A aikin kullum, wuri na farko da ake zamewa shi ne gano ciwo. Likitan iyali yana ganin cuta tun tana jaririya, kafin alamominta su cika. Sanƙarau a sa'o'insa na farko kamar kowane zazzaɓi yake, kuma ciwon dajin hanji yana iya farawa da kumburin cikin da mutane ɗari suka kawo ba tare da suna da komai ba. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na manyan mutanen da ake dubawa a sallama a Amurka, wato kusan miliyan 12 a shekara, ana kuskuren gano ciwonsu ko a makara. Ba za a kawar da wannan ta hanyar yi wa kowa kowane gwaji ba, domin gwajin da bai kamata ba shi ma yana da illarsa. Abin da likitan kirki ke yi shi ne ya yarda cewa hasashensa na farko yana iya zama kuskure, sannan ya shirya wa hakan. Zai gaya wa uwa a fili cewa yana ganin mura ce, amma idan yaron ya ƙi shan nono, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya yi lakwas ba ya farkawa da sauƙi, ko numfashinsa ya yi sauri, to ta garzaya da shi asibiti ko tsakar dare ne. Zai kuma rubuta a fayil cewa ya faɗa. Faɗin "ki dawo idan bai samu sauƙi ba" kawai bai wadatar ba, saboda bai gaya mata abin da za ta duba ba, bai kuma gaya mata zuwa yaushe ba.

Sabo ma yana da tarkonsa. Matar da ta shekara takwas tana zuwa da ƙwarnafi, ranar da ta zo tana cewa abinci yana tsaya mata a ƙirji kuma tufafinta sun yi mata yawa, likitan da ya saba da ita yana iya miƙa mata maganin da ya saba ba ta, alhali baƙon likita da ya ji wannan zai tura ta a leƙa maƙoshinta da cikinta da gaggawa. Shi ya sa wasu likitocin suke ɗora wa kansu ƙa'ida cewa duk wanda ya dawo karo na uku da kuka ɗaya, za su ajiye abin da suka zata, su fara tambaya daga tushe kamar yau suka fara ganinsa. Sauraron ma yana bukatar horo: wani tsohon bincike na 1984 ya gano cewa likitoci kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 da fara magana, kuma sau da yawa ainihin abin da ya kawo mutum ba shi yake fara faɗa ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne sakamakon gwaji, domin a nan babu mugun nufi kuma babu jahilci, abu ne kawai yake faɗawa tsakanin hannu biyu. Gwajin jini guda ɗaya yana bin matakai da yawa. Sai likita ya nema, a ɗebi jinin, a rubuta sunan da ya dace a jikin kwalbar, ya isa ɗakin gwaje-gwaje, sakamakon ya dawo, wani mai ilimi ya karanta, ya yanke abin da za a yi, a samu majinyacin a gaya masa, sannan a tabbatar ya yi abin da aka ce. Kowane mataki yana iya tsinkewa. Mafi haɗarin tsinkewa shi ne sakamakon da bai dawo ba sam, saboda abin da bai zo ba ba ya jan hankalin kowa. Asibitin da ya san aikinsa yana da rajistar duk gwajin da ya fita, a takarda ko a kwamfuta, kuma akwai mutum takamaimai da ke bin ta duk mako yana neman waɗanda ba su dawo ba. Ya kuma tsara wanda zai karanta sakamako idan likita ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo. Al'adar gaya wa majinyaci cewa "idan ba ka ji daga gare mu ba to lafiya lau" ta cancanci a yi watsi da ita baki ɗaya, domin shiru yana iya nufin lafiya, yana kuma iya nufin takarda ta ɓace ko lambar waya ta canza. Haka abin yake ga tura mutum wurin ƙwararre: rubuta takardar rabin aiki ne, kuma idan ana zargin ciwon daji wajibi ne wani ya bi sawu har ya tabbatar an ga majinyacin.

Sai magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage mummunar cutuwa daga magunguna da rabi cikin shekara biyar, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dala biliyan 42 a duniya duk shekara. A ƙaramin asibiti matsalar ta fi taruwa a maganin da ake maimaitawa wata bayan wata ba tare da an sake zama an duba ba. Akwai magungunan da dole a riƙa auna jinin mai shansu: wafarin da ke tsinka jini, litiyom da ake ba masu wata lalurar ƙwaƙwalwa, da metotireksat da ake ba masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi. Wannan na ƙarshen sau ɗaya a mako ake shansa, kuma mutane sun mutu saboda an rubuta musu, ko sun fahimta, cewa kullum ne. Akwai kuma haɗin da kowane ɗaya a cikinsa lafiya lau ne amma tare suke ɓarna, kamar tsohon da ke shan wani nau'in maganin hawan jini da maganin sa fitsari, sai a ƙara masa ibufurofen don ciwon gwiwa, ƙodarsa ta samu rauni cikin kwanaki. Maganin farfaɗiya mai suna balfurowet yana iya nakasa ɗan da ke ciki, don haka bai kamata a riƙa sabunta shi ga mace mai shekarun haihuwa ba tare da an zauna da ita an yi wannan magana ba. Lokaci mafi haɗari shi ne bayan sallama daga babban asibiti, inda aka canza magunguna amma tsohon jerin yana nan a fayil, majinyaci ya koma yana shan tsoho da sabo tare.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa matsin lambarsa daga majinyata yake zuwa, kuma likitan da ya san mutum yana jin kunyar hana shi. Amma mura da yawancin ciwon maƙogwaro ba sa jin wannan magani, kuma bayar da shi barkatai yana daga cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jinsa, matsalar da aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019.

Wasu ayyukan suna kama da na gefe, alhali rai ya rataya a kansu. Yawancin allurar rigakafi ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma wasu, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta tetanus, daskarewa tana lalata su ba tare da kamanninsu ya canza sosai ba. Yaron da aka yi wa lalatacciyar allura yana tafiya gida da shaida a kati amma babu kariya a jiki, shi ya sa ake rubuta sanyin firij safe da yamma, kuma ba a ajiye wani abu daban a cikinsa. Kayan aikin da ake sake amfani da su sai an wanke su tas, sannan a turara su a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na minti uku. Wanke hannu da sabulu yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa sinadarin tsaftace hannu kuma 20 zuwa 30, kuma safar hannu ba ta maye gurbinsu. Haka nan duk inda ake yin allura dole a samu adirenalin da kwanansa bai ƙare ba, domin mummunan borin jini yana toshe numfashi cikin mintuna. Babban mutum rabin miligiram ake yi masa a tsokar cinya, a maimaita bayan minti biyar idan bai farfaɗo ba. Irin wannan lamari yana iya yin shekaru bai faru ba, kuma wannan daɗewar ce ke sa a tarar da akwatin gaggawa a kulle, maganin ciki ya lalace, sai idan an ɗora wa wani alhakin duba shi duk wata kuma ana yin atisaye.

Mai karɓar baƙi a bakin ƙofa yana cikin masu kare rai, ko da yake ba likita ba ne. Shi ne farkon wanda ke jin "ƙirjina yana min nauyi" ko "bakin mahaifina ya karkace", kuma idan ba a koya masa cewa waɗannan ba sa jiran layi ba, zai ba su lamba kamar kowa. Shi ne kuma mai riƙe da sirrin jama'a a wurin da kowa ya san kowa. Wanda ya ji tsoron cewa maganarsa za ta fita zai ɓoye wa likita abin da ya fi muhimmanci.

Ƙasashe da dama suna da masu sa ido daga waje. A Ingila hukumar da ake kira CQC tana duba asibitocin likitocin iyali da tambayoyi biyar: shin akwai kariya, shin kulawar tana amfani, shin ana tausasa wa mutane, shin ana biyan bukatarsu a kan lokaci, kuma shin shugabancin wurin yana da kyau. A 2004 Birtaniya ta kuma fara biyan likitoci ƙarin kuɗi idan suka cika wasu ma'aunai, kamar yawan masu hawan jinin da aka shawo kan nasu. Wannan ya gyara rubuta bayanai da bin diddigin masu daɗaɗɗun cututtuka, amma an soke shi da cewa yana karkatar da hankali ga abin da ake ƙirgawa a bar wanda ba a ƙirga. Mai duba daga waje yana zuwa ne jefi-jefi, kuma takarda ya fi gani, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka na fi ba da muhimmanci ga abin da ma'aikata ke yi a tsakaninsu idan abu ya ɓaci ko ya kusa ɓaci: su zauna, har da nas da mai karɓar baƙi, su bi lamarin daki-daki, su nemi inda tsarin ya yi kafa, su rubuta gyaran da za a yi da wanda zai yi shi, sannan su dawo bayan wata uku su ga ko an yi. Idan nas ta ji tsoron gaya wa likita cewa adadin da ya rubuta ya yi yawa, to shinge ɗaya ya faɗi. Likitan da ke aiki shi kaɗai yana bukatar ya nemi takwarori a wasu asibitocin da za su riƙa duba wasu daga cikin fayilolinsa, shi ma ya duba nasu. Idan kuma an cutar da majinyaci, haƙƙinsa ne a gaya masa abin da ya faru, a ba shi haƙuri, a bayyana masa abin da aka canza.

Majinyaci ma yana da abin da zai iya riƙewa ba tare da ya zama likita ba. Yana iya tambayar ranar da sakamakon gwajinsa zai fito da wanda zai kira shi, kuma idan ranar ta wuce ya nema da kansa. Yana iya tattaro duk abin da yake sha a jaka ɗaya, har da wanda ya saya da kansa da na gargajiya, ya kai wa likita a duba su tare aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini, ya faɗa duk lokacin da za a rubuta masa sabo, ko da yana ganin an sani. Kafin ya tashi daga kujera kuma, ya maimaita wa likita abin da ya fahimta game da yadda zai sha maganin da alamomin da za su sa ya dawo da gaggawa, domin idan akwai saɓani a gyara shi tun yana cikin ɗakin.